Ciwon baya da wuya: alluran China ko allurar da ake yi ana kallon hoto?

Hajiya, kin ce ciwon bayan ya kai wata takwas, yanzu har yana sauka ƙafar hagu. Maƙwabciya ta ba ki shawarar alluran China, wato akufanca, likita kuma ya ambaci allurar baya da ake yi ana kallon na'ura. Kina tambayar wanne ya fi.

Allah ya ƙara sauƙi. Duka biyun allura ce, amma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Akufanca ba a zuba magani ko kaɗan. Allurai ne sirara kamar gashi, a soka su a baya ko wuya ko ƙafa, ki kwanta minti 20 zuwa 30, a cire. Sai an yi ta zuwa, makonni a jere. Su kansu likitocin Turai da Amurka kansu bai haɗu a kanta ba. A 2016 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ta ce kada a riƙa yin ta don ciwon ƙugu. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa ta cikin abin da za a fara gwadawa kafin ƙwayoyi. Binciken da aka yi a Jamus, wanda ya fito a 2007, shi ya fi ba ni mamaki: cikin masu tsohon ciwon baya sama da 1,100, kusan kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa akufanca ta gaske sun samu sauƙi, waɗanda aka soka wa allurar sama-sama a wuraren da ba ƙa'ida ba kashi 44, masu magani da motsa jiki na yau da kullum kuwa kashi 27. Ke nan tana rage zafi, sai dai ba lallai don an dace da wani gurbi na musamman ba. Ga mai ciwon da ya tsaya a ƙugu ko wuya, tsoka ta ɗaure, ba laifi ya gwada, muddin allurar sabuwa ce fil daga leda kuma mai yin ya ƙware. Wanda bai iya ba yana iya huda huhu idan ya nutsa allura a saman kafaɗa.

Ɗayar kuwa aikin asibiti ne. Za ki kwanta rub da ciki, a kashe fatar wurin, likita yana kallon allurar a allo har ta isa gefen jijiyar da ta kumbura. Yakan fara tura ɗan ruwan da ke fitowa a hoto don ya ga inda maganin zai bi, sannan ya zuba sitiroyid, wato maganin rage kumburi, da maganin kashe zafi. Inda ta fi amfani shi ne irin naki, idan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya turo ya danne jijiya, zafin yana gangarowa ƙafa ko hannu. Amma kada a ce miki warkarwa take. Sauƙin yakan yi makonni ko 'yan watanni, kuma ba ta mayar da faifan mazauninsa. Amfaninta ki samu sararin yin gashin ƙashi da motsa jiki, jikin kuma ya ci gaba da gyara kansa. Tana da tsada, tana ɗaga suga na wasu kwanaki, mai shan maganin tsinka jini dole ya faɗa tun da wuri. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa, jefi-jefi, tana jawo shanyewar jiki.

Ni dai a ganina, tunda ciwon ya sauka ƙafa, maganar likita ta fi kusa da matsalarki. Sai dai a fara aunawa sosai a tabbatar abin da hoton MRI, wato hoton da ke nuna faifai da jijiyoyi, ya nuna ya yi daidai da inda kike jin zafin, don mutane da yawa suna da turowar faifai ba sa jin komai. A ƙasarmu kuma tarin fuka na ƙashin baya yana nan, kuma sitiroyid a kansa ɓarna ce. Idan akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, ki faɗa masa.

Idan kuwa ƙafar ta fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, kada ki jira ko ɗaya cikin biyun. Ranar a kai ki asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa da ke.