McBain ko Martin Beck: da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana son shiga karatun littattafan binciken 'yan sanda, an nuna maka jerin 87th Precinct na Ed McBain da jerin ɗan sanda mai bincike Martin Beck, ka rasa da wanne za ka fara. Ni dai Beck zan miƙa maka, amma bari ka ji dalili.

Dangantaka ce ma tsakaninsu. McBain ya fara da Cop Hater a 1956, ya ci gaba har 2005, littafi sama da 50. Maj Sjöwall da Per Wahlöö, 'yan Suwidin da suka ƙirƙiri Beck, sun fassara wasu littattafan McBain zuwa harshensu. Su da McBain duk sun yarda cewa ba gwani ɗaya ke warware kisa ba, ofis ne guda: mai buga rahoto, likitan gawa, mai bin gida-gida yana tambaya.

McBain gudu yake yi. Littattafansa na farko gajeru ne, hirar mutanensa kamar kana tsaye a bakin kanta kana saurare, wani lokaci har hoton takardar rahoto yakan saka a shafi. Birninsa ƙirƙirarre ne, amma kowa ya san New York ake nufi. Ɗan sanda Steve Carella da abokan aikinsa ba sa tsufa sosai, don haka duk wanda ka tsinta a jerin kana iya buɗewa. Abin da ya rage mini daɗinsa shi ne, bayan 'yan makonni labaran sukan cakuɗe mini a kai.

Beck kuwa littafi 10 ne cif, daga 1965 zuwa 1975, kuma marubutan sun tsara su a matsayin labari ɗaya. Ɗauki na farko, Roseanna. An tsamo gawar wata mata daga mashigin ruwan Göta kusa da garin Motala na Suwidin. Ba suna, ba wanda ya zo cigiya. Watanni suka shuɗe kafin a gano ma'aikaciyar laburare ce daga Nebraska ta Amurka. Daga nan sai tattara hotunan da 'yan yawon buɗe ido suka ɗauka a jirgin ruwan da ta shiga, ana dubawa ɗaya bayan ɗaya ko za a ga wanda ya raɓe ta. Wannan jiran shi ne ƙarfin littafin. Kana jin gajiyar Beck, da ciwon cikinsa, da yadda gida ya daina yi masa daɗi. Da aka kai ga mai laifin, ka san gumin da aka zubar.

Akwai kuma abin da McBain bai cika damuwa da shi ba. Sjöwall da Wahlöö masu ra'ayin gurguzu ne, da gangan suka yi amfani da labarin kisa don nuna ɓarakar ƙasarsu da ake yaba wa da walwala. A 1965 aka mayar da 'yan sandan Suwidin ƙarƙashin gwamnatin tsakiya, kuma kana ganin yadda aikin ke lalacewa daga littafi zuwa littafi, har Kollberg, aminin Beck da ya ƙi ɗaukar bindiga, ya ajiye aiki. Gaskiya a na ƙarshe-ƙarshen wa'azin siyasar ya yi yawa, yana danne labari.

Idan za ka rubuta sharhi, ga ma'aunin da nake amfani da shi: da aiki aka kamo mai laifi, ko marubuci ne ya jefo sa'a don ya rufe littafi? Duka biyun suna cin wannan jarrabawa, Beck ya fi cin ta.

Ka fara da Roseanna, ka bi su a jere, kada ka tsallaka zuwa The Laughing Policeman don ka ji ya ci kyautar Edgar, ta littattafan binciken laifi a Amurka, a 1971. In ka kai na uku jinkirin bai karɓe ka ba, koma kan Cop Hater.