Kujerar hawa bene: sabuwa dal ko ta hannu?

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne. Na ga hoton matakalar da kika turo, miƙaƙƙiya ce sambal daga ƙasa har sama, ba kwana, ba wurin tsayawa a tsakiya. To tunda haka ne, kujerar hawa benen da kike tambaya, wato kujerar lantarki mai bin dogon ƙarfe a gefen matakala, tsakanin sabuwa da ta hannu, ki ɗauki ta hannu wadda kamfani ya gyara ya ba da garanti. Duka biyun na saya a nan Bradford, kuma ɗaya ce kawai nake tunawa raina bai ɓaci ba.

Wadda ke gidanmu yanzu fam 1,250 na biya, har da kafawa da garantin shekara ɗaya. Sabuwa irinta a nan Ingila da wuya ki same ta ƙasa da fam 2,000, wasu ma suna haura 3,000. Wani dattijon Bature ne ya zo da ɗansa, suka auna, suka yanka dogon ƙarfen daidai tsawon matakala, suka ɗaure shi a jikin takun. Ba a bango ake kafa shi ba, kada mai gidan haya ya tsorata ki da zancen fasa gini. Kafin la'asar sun tattara kayansu sun tafi.

Kafin ta zo, Hajiyarmu ta yi wata bakwai tana saukowa a zaune, taki ɗaya-ɗaya, saboda gwiwa. Daga baya ma sai ta daina saukowa gaba ɗaya, a sama ake kai mata abinci kamar mai takaba. Ranar da aka kafa kujerar ta ƙi hawa, wai ita ba yarinya ba ce da za a ɗora a lilo. Sai da jikokinta suka yi ta sintiri a kai sannan ta zauna, ta kama hannun kujerar gam, tana ta salati har ƙasa. Tafiyar ba ta kai minti ɗaya ba, abin kuma a hankali yake tafiya kamar hawainiya. Tana sauka ta wuce kicin ta buɗe tukunya, ta ce wa maiɗakina miyar kukar nan ta yi ruwa. A ranar muka san mun samu Hajiya ta dawo. Shekara huɗu ke nan, kujerar ba ta taɓa tsayawa da ita a tsakiya ba.

Sau ɗaya ta ba mu matsala, kuma laifinmu ne. Da batir biyu take aiki, masu bolt 12 kowanne, suna caji idan an ajiye ta a sama ko a ƙasa. Hajiya kuwa da ɗabi'ar gida ta zo: kowane dare sai ta bi soket ta kashe, kada NEPA ta kawo wuta mai ƙarfi ta ƙona kaya. Mun yi ta jin kujerar tana ƙara kamar ɗan tsako ba mu gane ba, ashe kukan yunwa take yi. Cikin 'yan makonni batiran suka mutu murus, na biya fam 120 aka sa wasu. Yanzu na liƙe makunnin da salatif. In ba a yi musu irin wannan ba sukan yi shekara uku zuwa biyar, kuma ko an ɗauke wuta za ta yi hawa da sauka da dama kafin ta gaji.

Sabuwar kuwa, a tsohon gidanmu ne, fam 5,800. Gaskiya ɗaya ce, matakalar can tana da kwana, mai kwana kuma dole a ƙera mata dogo na musamman daidai da gidan, shi ya sa farashin irinta yake farawa daga wajen fam 4,000 zuwa sama. Ta yi aiki, ban ce ba ta yi ba. Amma da muka tashi bayan wata goma sha huɗu, dogon nan bai shiga matakalar kowa ba, mutanen da suka rantse za su saye ta idan mun gama suka taya fam 200. Abin da sabuwa ta fi ta hannu da shi bai wuce garanti mai ɗan tsawo da zaɓen launin kujera ba. In Umma tana da jiki sosai, nan ne kawai zan ce ki duba sabuwa, don yawancin na gama-gari kilo 120 zuwa 140 suke ɗauka, masu ɗaukar fiye da haka kuma ba kasafai ake samun na hannu ba.

Wuta ba abin damuwa ba ce, firjinki ya fi ta ci nesa ba kusa ba. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne sabis. Da garanti ya ƙare za a fara kiranki a waya, a ce ki shiga yarjejeniyar shekara-shekara, wasu har fam 300 ko fiye. Ni dattijon nan nake kira sau ɗaya a shekara, ya duba, ya shafa mai, in ba shi fam 80. Shi ya sa ki tsaya kan ƙirar da kowane makaniki ya sani, irin su Stannah ko Acorn ko Handicare. Stannah tun 1975 suke ƙera irin wannan kujera, Acorn kuma nan kusa da mu suke a Steeton, don haka kayan gyaransu ba sa wuya. Ki kuma tambayi shekarar da aka ƙera wadda za a ba ki, a rubuta a takarda.

Kafin ki fitar da ko kwabo, ki kira ƙaramar hukumarku ki nemi tallafin da ake kira Disabled Facilities Grant. A Ingila yana kaiwa fam 30,000, za su turo ma'aikaciyar lafiya ta ga yadda Umma ke fama a gidan, sannan su duba kuɗin shiga da ajiyar da ta haura fam 6,000. Akwai jira, wani lokaci na watanni, kuma in kika riga kika kafa kafin su amince, kina iya rasa kuɗin gaba ɗaya. In gidan haya ne sai da yardar mai gida. Ko tallafin bai samu ba, mai doguwar jinya ko nakasa ba ya biyan harajin VAT na kashi 20 a kan wannan kujera, 'yar takarda ce kawai ake sa wa hannu. Wanda ya kai shekara 60 kuma ba shi da nakasa kashi 5 yake biya. Duk wanda ya ba ki farashi, ki tambaye shi da haraji ne ko babu.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki, harkar nan cike take da masu romon baka, don sun san wanda ya kira su hankalinsa a tashe yake. Wanda ya sayar mini da sabuwar nan ta tsohon gidanmu, daga wani ƙaramin kamfani, awa uku ya yi a falona, ya sha shayi kofi biyu. Ya fara da fam 8,000, ya fita waje wai zai kira manaja, ya dawo ya ce an yi mini ragi amma na yau kaɗai ne. Kunya ta sa na sa hannu. Duk wanda ya ƙi faɗa miki ko da kimanin farashi a waya, ko ya ce sai yau, ki raka shi ƙofa. Kada kuma ki bar Umma ita kaɗai da su. Doka ta ba da kwana 14 na fasa cinikin da aka ƙulla a gida, sai dai abin da aka ƙera musamman dominki, kamar dogo mai kwana, ba lalle ya shiga ciki ba, ni ma sai daga baya na sani. Su kuma na Facebook masu fam 150, cinikin biri a sama ne: dogon an yanka shi ne daidai wani gida, wata ta ɓangaren hagu ce ke kuma ta dama kike buƙata, ga batir ya daɗe da mutuwa a gareji.

Ki nemi farashi a rubuce daga wurare uku, ki zaɓi mai garantin shekara ɗaya wanda ya haɗa da kayan gyara da kuɗin zuwa. Abu ɗaya ne ban iya gani a hotonki ba, wato faɗin matakalar da kuma ko akwai ƙofa dab da takin ƙarshe a ƙasa. Gidajenmu na jere ɗin nan matsattsu ne, ana son faɗi ya kai kamar santimita 75, in kuma da ƙofa sai an sa dogo mai naɗewa, wanda zai ƙara kuɗi kaɗan. Ki auna yau ki turo mini, sai in ba ki lambar dattijon ta akwatin saƙo.