Sharhi kan ƙaramin injin iska da ake sayarwa a Sabon Garin Zariya

A wani shagon kayan sola da ke kusa da PZ, a Sabon Garin Zariya, ana sayar da ƙaramin injin samar da lantarki daga iska, wanda aka rubuta wa ƙarfin wat 400 a jikin kwalinsa. Na yi amfani da shi tare da faifan sola daga hunturu zuwa faɗuwar damina, kuma ga abin da na gani.

Da farko ya kamata mai saye ya san abin da yake kallo, domin ba duk abin da ke juyawa a sama ne injin lantarki ba, kuma mutane da yawa suna rikita su. Wannan injin yana da farfela mai fukafukai uku da wutsiya a baya wadda ke juyar da shi ya fuskanci iska, wato irin wanda ake gani a saman wasu fitilun titi. Akwai kuma masu juyawa a tsaye: samfurin Savonius, wanda ya yi kama da duron da aka raba biyu aka gocar da ɓangarorinsa, da samfurin Darrieus mai siraran fukafukai. Wanda ke da fukafukai masu yawa a jere cikin da'ira kuwa, galibi na jawo ruwa ne daga rijiya, ba na wuta ba. Ƙananan kofuna uku da ke juyawa a tashar duba yanayi ma'aunin gudun iska ne kawai, kamar yadda ƙwallon ƙarfen da ke juyawa a saman kwanon manyan ɗakunan ajiya ba ya yin komai sai fitar da zafi. Mai shagon ya yi mini wannan bayani dalla-dalla ba tare da gaggawar karɓar kuɗi ba, kuma wannan ya cancanci yabo.

Inda gizo ke saƙar shi ne wat 400 ɗin nan. Irin waɗannan injina ba sa kai ƙarfin da aka rubuta musu sai iska ta kai kusan mita 12 a daƙiƙa, alhali ba sa fara ba da wuta sai ta kai wajen mita 3. Ƙarfin kuma ba ya tafiya daidai da gudun iskar: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin yana ninkawa sau takwas, idan ya ragu da rabi kuwa, kashi ɗaya cikin takwas ne ke saura. Saboda haka a cikin gari, inda gine-gine da bishiyoyin darbejiya ke karya iska, farfelar za ta yi ta juyawa tana burge maƙwabta, amma abin da ke shiga batir bai taka kara ya karya ba. Manyan injinan da aka kafa a Lambar Rimi ta jihar Katsina, guda 37 masu kilowat 275 kowanne, a fili aka tsayar da su a kan dogayen hasumiyoyi, kuma ba don ado aka yi hakan ba.

Lokacin da injin ya nuna amfaninsa shi ne tsakiyar hunturu, sa'ad da hazo ya rage ƙarfin sola, iskar arewa maso gabas kuma take kaɗawa da dare. A lokacin bazara kuwa kusan hutu yake yi, sai dai idan hadari ya taso, a nan ma dole a tabbata birkin da ke cikin na'urar daidaita caji yana aiki, don kada guguwa ta lalata fukafukan.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne babu turke a cikin kayan, sai da na nemi mai walda a Tudun Wada, kuma takardar bayanin da ke ciki gajera ce ƙwarai. Ƙura ma tana shiga boris, har ya soma ƙara kafin ƙarshen hunturu.

Ga mai gona ko gidan kaji a fili, kamar wajen Shika ko hanyar Giwa, wanda zai iya kafa dogon turke, injin zai taimaka wa sola. Mazaunin cikin Birni ko Samaru kuwa, gara ya ƙara faifan sola da kuɗin. Wanda ya yanke shawarar saye ya tambayi mai shago ko akwai fukafukai da boris na canji kafin ya biya.