Wane littafin Jason Hickel ya kamata ka fara saya?

Idan kuɗin littafi ɗaya kawai gare ka, kada ka ruɗu da wanda ya fi suna. Jason Hickel masani ne mai nazarin rayuwar al'umma ta fuskar tattalin arziki. An haife shi a Suwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini, a 1982, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Bajiniya ta Amurka a 2011, yanzu kuma yana koyarwa a Basalona. Littattafansa uku ne za ka fi cin karo da su, kuma kowanne da irin mai karatunsa.

Ni dai The Divide, na 2017, shi nake ba kowa shawarar ya fara da shi. Tambayar da yake bi ita ce, me ya sa wasu ƙasashe suka yi arziki wasu suka talauce? Amsarsa ita ce talaucin nan ƙirƙirarsa aka yi, tun daga mulkin mallaka zuwa juyin mulkin da aka ɗauki nauyinsa daga waje, har zuwa bashi da sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF). Duk wanda iyayensa suka ba shi labarin SAP, shirin sauya fasalin tattalin arziki na zamanin Babangida, daga 1986, lokacin da darajar naira ta zube kuma kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, zai ji kamar da shi ake magana. Ya kuma ƙalubalanci ma'aunin talauci na Bankin Duniya, gardamar da ya ci gaba da ita a 2019 da Bill Gates, inda Hickel ya ce dala 1.90 a rana ta yi kaɗan, a mayar da ita 7.40.

Less is More, na 2020, shi ya fi yawo. A nan yake sukar jari-hujja kai tsaye, yana cewa ƙasashe masu arziki su rage yawan abin da suke ƙerawa da cinyewa, domin duniya ba za ta iya ɗaukar bunƙasa marar iyaka ba. Yana kira a rage sa'o'in aiki, a daina ƙera kayan da aka tsara su lalace da wuri. Wasu na zargin yana son talakawa su ƙara ɗaure ciki, alhali ya faɗa ƙarara cewa ƙasashe matalauta na buƙatar ƙarin makamashi da kayan more rayuwa. Sai dai da Turawa da Amurkawa littafin yake magana, kuma wanda bai karanta The Divide ba yana iya yi masa mummunar fahimta.

Democracy as Death, na 2015, kan rikicin siyasa a yankin Zulu na Afirka ta Kudu, na ɗaliban jami'a ne masu bincike. Idan ba rubutun digiri kake ba, ka bar shi zuwa gaba.

Dukansu da Turanci suke. Na biyun farko Turancinsu bai da tsauri, mai takardar sakandare da ƙamus a gefe zai iya bin su.