Mariƙin gaban bindigar wasan harbi: na dala 50 ko na dala 350?

Ɗan'uwa, ka ce kana zuwa filin harbi a Texas duk ƙarshen mako da bindigarka AR-15 mai bututu inci 16, kana son sauya mariƙin gaba, wato hangad, ƙarfen da ke lulluɓe bututu inda ake ɗora hannu. Ka ga wani a dala 50, wani ya haura dala 300, a hoto kuwa kamar an tsaga kara. Tambayarka ita ce ko suna kawai ake saya.

Ta fuskar ƙarfe tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Yawancinsu, mai araha da mai tsada, alminiyam ne samfurin 6061-T6. Inda aka rabu shi ne gindi, wurin da mariƙin ke kama notin da ya ɗaure bututu a jikin bindiga. Mai arahar da ba shi da suna sau da yawa 'yan ƙananan sukurori ne ke matse shi, babu wani haƙori da zai hana shi juyawa. Na manyan kamfanoni irin su Geissele ko Daniel Defense ko BCM kuwa an ɗauki lokaci ana inganta wannan mahaɗa: noti mai kauri, matsi mai ƙarfi, da abin da ke tokare jikin bindiga don kada ya karkace. Kuɗinka can yake tafiya, wurin da hoto ba ya nunawa.

Na taɓa sayen mai araha a intanet, daga wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba. Makon farko lafiya lau. Da bututu ya sha zafi 'yan lokuta sai sukurorin suka saki, mariƙin ya ɗan juya gefe, saitin gaba da na ɗaura a kansa ya bi shi. Na yi ta zargin hannuna, ashe ƙarfe ne ya goce.

To amma ga abin da masu talla ba sa so ka lura da shi. Idan madubin saitinka a jikin bindiga yake zaune, a bisa maƙunshin harsashi, kuma mariƙin irin wanda ba ya taɓa bututu ne, to ɗan motsin da zai yi bai shafi inda harsashi zai faɗa ba. Hannu kawai kake ɗorawa, ko matokari mai ƙafa biyu. Tsada tana fara biyan kanta ne ranar da ka ɗaura abin saiti a kan mariƙin kansa, ko kake gasar da ake jingina bindiga da shinge da ƙarfi ana harbi.

Sai ramukan ɗaura kaya irin su fitila a jikin mariƙin. Tsohon tsari shi ne Picatinny, wanda sojan Amurka suka amince da shi a 1995. Yana da ƙarfi, amma idan ya zagaye gefe huɗu ga nauyi ga cin tafin hannu. Sabon tsarin KeyMod ya fito a 2012, kamfanin Magpul ya fito da nasa tsarin M-LOK a 2014, kuma gwajin da aka yi a cibiyar sojan ruwan Amurka ta Crane, wanda sakamakonsa ya fito a 2017, ya nuna M-LOK ya fi riƙe kaya idan bindiga ta faɗi. Tun daga nan kasuwa ta karkata ga M-LOK. Kada ka sayi KeyMod yau don ka gan shi a ragi, kayansa sai ƙara wuyar samu suke yi. A masu arahar nan, ramin M-LOK ɗin wani lokaci ba a yanka shi daidai awo ba, ka ɗaura fitila tana rawa.

Baƙin rufin jikin mariƙin ma haka: na mai tsada ya fi jure gogayya, na mai araha yakan koɗe da wuri. Wannan ni bai dame ni ba.

Da ni ne kai, ba zan ɗauki ko ɗaya cikin biyun da ka nuna ba. Akwai na tsakiya, irin na Midwest Industries ko Aero Precision, wajen dala 150 zuwa 200, gindinsu na riƙo sosai. Ɗauki mai tsawon inci 15 ko 13, M-LOK, ka kai wa makanikin bindiga ya ɗaure notin da ma'aunin matsi yadda kamfanin ya rubuta. Canjin da ya rage ka zuba shi a harsashin atisaye.