Kafin ka sayi fim ɗin tsoro na sirrin iyali, duba waɗannan

A unguwannin Nima da Maamobi na Accra, Ghana, yanzu, in ka tambayi masu tura fim a waya wane fim ɗin aljanu ne mai zafi, yawanci Hereditary na 2018 za su fara ambata. Ba a raina shi. Toni Collette ta yi wasa har gashin jikin mutum ya tashi. Amma ya haura awa 2, kuma amsoshinsa a ɓoye suke cikin ƙananan abubuwa: tambarin da ke sarƙar kakar, rubutun jikin bango, littattafan cikin kwalinta. Ka waiwaya ka amsa sallama, shi ke nan an bar ka a baya. Ƙarshensa kuma da tsiraici, kada ka kunna shi gaban yara ko iyaye. The Conjuring na 2013 razana ce kawai. The Others na 2001 yana da tsafta, sai dai nawa gare shi.

Ni dai His House na 2020 nake ba kowa shawara. Bol da matarsa Rial sun gudu daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka haye teku a kwalekwale, ruwa ya ci yarinyar da ke tare da su. A Ingila aka ba su wani tsohon gida da sharaɗin ba aiki, ba ƙaura. Da dare sai murya ta riƙa fitowa daga cikin bango, Bol ya bi yana yage takardar bangon yana huda shi da guduma. Rial kuwa ta ce apeth ne, mayen dare na ƙabilarsu ta Dinka, ya biyo su karɓar bashi. Akwai wurin da ta shimfiɗa abinci a ƙasa don su ci da hannu kamar a gida, shi kuma ya ɗauko cokali da cokali mai yatsu. Nan kaɗai ka gane auren ya tsage.

Shi ma yana rikita mutum, mafarki na shiga cikin farke, jiya na shiga cikin yau. Bambancin shi ne idan asirin ya tonu, duk abin da ka gani a baya sai ya hau layi. Duk ɗan zangon da ya san wani da ya bi hanyar Libiya, fim ɗin nan zai taɓa masa zuciya. Tsawonsa kusan awa 1 da rabi ne, ba zai cinye maka data ba.

Inda matsalar take shi ne wajen saye. Wani mai tura fim a wajen shataletalen Circle na Accra ya taɓa sa mini irin wannan fim a kan mimori, ana dab da tona asirin sai ya yanke. Sidina sun tafi, daren ya lalace. Don haka kafin ka biya, ka sa a ja maka fim ɗin zuwa ƙarshe, ka ga sunayen 'yan wasa suna hawa da idonka. Ka duba wani wuri mai duhu: kwafin da aka ɗauka da kyamara a sinima baƙi ƙirin yake nunawa, alhali rabin fim ɗin tsoro a duhu ake yi. Ka tabbatar rubutun fassara na tafiya daidai da magana, domin a His House akwai maganar Dinka. Wanda aka ɗora wa surutun Twi ana barkwanci a kai, bar musu kayansu.

Masu cewa ka tura MoMo, wato kuɗi ta waya, su ba ka lambar sirrin Netflix mai araha kuwa, da dama sai sun karɓa su canza lambar, ko su toshe ka. A kan Netflix ɗin His House ya fito a 2020. In da hali ka biya da kanka, ka sauke shi inda kake da wifi, ka cika cajin waya saboda dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ka sa abin ji a kunne don kada raɗar cikin bangon ta wuce ka.