IPPIS a ma'auni: ya iya kama sunan bogi, amma gyaran kuskure sai an dangana da Abuja

Mafi yawan ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke aiki a Bauchi, ko a sakatariyar tarayya suke, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko a Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya, ba a Bauchi ake lissafa albashinsu ba. A Abuja ake yi, ƙarƙashin ofishin Akanta Janar na Tarayya, ta tsarin kwamfutar nan na biyan albashi da adana bayanan ma'aikata da kowa ya sani da IPPIS. An fara shi a watan Afrilun 2007 da ma'aikatu bakwai, da tallafin Bankin Duniya, daga baya ya haɗiye kusan kowa. Tun da hidima ce da gwamnati ke yi wa ma'aikacinta, ya dace a auna ta kamar yadda ake auna banki ko kamfanin waya: me take yi daidai, ina take gazawa, kuma idan ta cuce ka wa za ka kama?

Mu fara da abin yabo, don akwai shi. Kafin zuwansa, kowace ma'aikata ita ke karɓar kuɗin albashinta dunƙule, akawunta su raba. Wanda ya rasu shekara uku baya yana nan yana karɓar albashi, wani kuma sunansa na kan takardar biya a ma'aikatu biyu. Da aka haɗa hoton yatsu da lambar BVN, wannan ƙofa ta ƙuntata sosai. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta ce ta cire sunayen bogi 23,846, abin da ya rage kuɗin albashi da kusan Naira biliyan 2.29 a wata. Na biyu, kuɗi na shiga asusun ma'aikaci kai tsaye, babu akawun da zai riƙe maka albashi don kun yi saɓani. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga Bauchi zuwa Yola ba ya rasa albashi a hanya, muddin ma'aikatar ɗaya ce. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma mai sukar tsarin da ya ƙi ambatonsu bai yi adalci ba.

Wahalar tana farawa ne daga shiga. Sabon ma'aikaci ba ya samun lambar IPPIS don kawai yana riƙe da takardar ɗaukar aiki. Sai ma'aikatarsa ta nuna izinin ɗaukar ma'aikata daga ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, da shaidar Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai cewa an bi ƙa'idar rabo tsakanin jihohi, da tabbacin Ofishin Kasafi cewa akwai kuɗin biyansu. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya yi rauni, mutum zai yi ta zuwa aiki wata da watanni ba alat, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda aka ɗauka ya tambayi jami'in mulki tun makon farko ko takardun nan uku sun cika. Idan amsar ta zo da kame-kame, kada ya ci bashi da sunan albashin da ke tafe.

Ranar ɗaukar bayanai ana buƙatar takardar ɗaukar aiki ta farko, takardar kama aiki, shaidar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru, takardun karatu tun daga firamare, katin shaidar aiki, BVN da NIN masu lamba goma sha ɗaya-ɗaya, lambar asusun banki mai lamba goma, da wasiƙar kamfanin fansho mai ɗauke da lambar asusun ritaya. Tsohon ma'aikaci ya ƙara da takardar ƙarin girma ta ƙarshe. A je da na asali da kwafi.

A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, kuma dalilin suna ne. Mutum ɗaya, a takardar sakandare Mohammed Sani, a banki Muhammad Sani Misau, a NIN Sani Muhammed, a fayil ɗin ofis Moh'd S. Misau. A gari kowa ya san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san haka ba. Idan sunan da ke kan takardar biya bai dace da na asusun banki ba, kuɗin na iya dawowa, kuma sake tura shi ba aikin kwana biyu ba ne. Matan da suka koma amfani da sunan miji bayan aure su ma haka. Maganin shi ne a zaɓi rubutun da ke kan takardar ɗaukar aiki, a je a daidaita na banki da na NIN da na kamfanin fansho da shi, harafi da harafi, jerin sunayen ma iri ɗaya, kafin ranar ɗaukar bayanai. Takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida suna taimakawa wajen banki, amma ba sa canza abin da aka riga aka shigar a Abuja sai ma'aikata ta rubuta.

Ranar haihuwa ta fi suna haɗari. Dokokin aikin gwamnati sun ce ranar da aka rubuta lokacin ɗaukar mutum aiki ba ta canzawa har ya bar aiki. Ritaya kuwa shekara 60 ce ta haihuwa ko 35 ta aiki, wadda ta riga zuwa, sai wasu rukunoni kamar malaman makaranta da dokar 2022 ta kai su 65 ko 40. IPPIS yana tsayar da albashi da kansa idan ranar ta cika. Don haka idan mai shigar da bayanai ya buga 1968 a maimakon 1986, kwamfuta za ta yi wa matashi ritaya ba tare da kowa ya sa hannu ba. Kada a tashi daga gaban mai ɗaukar bayanai sai an karanta kowace lamba da ido.

Takardar albashi ta wata-wata ita ce makamin ma'aikaci, kuma da yawa ba sa karɓarta sai matsala ta taso. A duba abu huɗu: tsarin albashi, ko CONPSS ne na ma'aikatun gwamnati, ko CONHESS na ma'aikatan lafiya, ko CONMESS na likitoci, babban mataki (grade level) da ƙaramin mataki (step), abin da aka cire, da jihar da aka rubuta don haraji. Ƙaramin mataki ya kamata ya ƙaru a watan Janairu. Kuɗin fansho, bisa dokar 2014, kashi 8 cikin ɗari ne daga ma'aikaci, kashi 10 daga gwamnati. Wato idan kuɗin da ake lissafa fansho a kansa Naira 150,000 ne, za a cire 12,000, gwamnati ta ɗora 15,000, jimla 27,000 ya kamata su faɗa asusun ritaya. Cirewa a takarda ba ya nufin kuɗin sun isa. A nemi bayanin asusu daga kamfanin fansho duk wata uku a kwatanta. Akwai kuma kashi 2.5 na asusun gidaje, da kuɗin ƙungiya, da bashin ƙungiyar adashin ofis ko na masu ba da rance. Wannan na ƙarshe ya fi kowane jawo kuka, domin bashi na iya ƙarewa amma cirewa ta ci gaba, saboda mai ba da rancen bai aika umarnin tsayarwa ba. Duk wanda ya gama biyan bashi ya karɓi wasiƙar sallama a ranar, ya kai kwafi ga jami'in IPPIS na ma'aikatarsa, a buga masa hatimin karɓa.

To, idan an ga kuskure fa? Hanyar ita ce: ma'aikaci ya rubuta ta hannun shugaban sashensa, wasiƙar ta je wajen jami'in da ke kula da IPPIS, shi ya sa ta cikin jerin sauye-sauyen wata, mai binciken kuɗi ya duba, hedikwatar ma'aikata ta tura. Abin da ya shafi suna, ranar haihuwa ko matsayi, yana bi ta ofishin Shugaban Ma'aikata. Abin da ya shafi kuɗi, ofishin Akanta Janar. Idan takarda ta makara ta tarar an rufe lissafin wata, sai wata mai zuwa. Babu wani a Bauchi, komai girman kujerarsa, da ke da ikon buɗe na'ura ya gyara harafi ɗaya. Akwai Ofishin Biyan Kuɗi na Tarayya a jiha, amma maɓallin ba a hannunsa yake ba. Ba a kuma ba mai ƙorafi ranar da dole a amsa masa. Shi ya sa ake ganin mai mataki na 07 ya biya kuɗin mota ta Jos zuwa Abuja, ya kwana a gidan ɗan'uwa, don bin ariyas, wato bashin albashin baya, da wataƙila bai kai kuɗin tafiyar sau uku ba. Ƙarin girma ma haka: wa'adinsa shekara biyu ne ga mataki na 06 zuwa ƙasa, uku ga 07 zuwa 14, huɗu ga 15 zuwa 17, amma wasiƙar girma daban, ranar da sabon albashi zai bayyana daban, ariyas kuma sai an tara a biya rukuni-rukuni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan tsari an hana shi hawa rufin.

Wannan ne ya kai maganar ga siyasa. A watan Oktoban 2019, yayin gabatar da kasafin 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin a tsayar da albashin duk ma'aikacin tarayya da bai shiga IPPIS ba zuwa ƙarshen watan. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta ce a'a. Hujjarta ita ce dokar 'yancin jami'o'i ta 2003 ta ba majalisar gudanarwar kowace jami'a iko a kan ma'aikatanta, kuma tsarin bai san malamin aro ba, bai san hutun bincike na shekara ba, ga farfesa da ke ritaya a shekara 70. Ta kawo nata tsarin, UTAS. Batun na cikin dalilan yajin aikin 2020 na kusan wata tara, da na 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, wanda ya zaunar da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na harabar Yelwa da ta Gubi a gida, masu shaguna da masu ɗakunan haya na kewayen ma suka ɗanɗana. Sai ga shi a watan Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta cire jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi daga IPPIS. Umarni ne ya shigar da su, umarni ne ya fitar da su.

A majalisun hira na Bauchi, masu goyon bayan umarnin farko cewa suke yi: sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya damƙa ikon zartarwa ga Shugaban Ƙasa, shi talaka ya zaɓa, mai biyan albashi kuwa yana da haƙƙin sanin wa yake biya. Wasunsu har ƙarawa suke yi da cewa ma'aikatan gwamnati zaman banza suke yi, suna lashe kasafi. Ɗaya ɓangaren na cewa ikon Shugaban Ƙasa a kan kujeru yana da iyaka: sashe na 171 ya ba shi naɗa Sakataren Gwamnati, Shugaban Ma'aikata, jakadu da manyan sakatarori, amma ɗauka da kora da ladabtar da sauran ma'aikatan ma'aikatu na hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, wadda sashe na 158 ya ce ba ta karɓar umarnin kowa a kan wannan aiki. Dattawa cikinsu sukan tuna 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata sama da 10,000, suna cewa tun daga nan ma'aikaci ya daina jin kujerarsa ta tsaya da ƙafafunta.

A ganinmu ɓangaren farko ya yi gaskiya a kan ƙidaya, ya yi kuskure a kan hanya. Gwamnati na da haƙƙin ƙirga ma'aikatanta. Amma tsayar da albashi horo ne, kuma horo a aikin gwamnati yana da matakai: takardar tuhuma, amsa, kwamiti. Tsarin da ke ba ofis ɗaya damar kashe albashin dubban mutane a dare ɗaya ya tsallake waɗannan matakai duka. Kuma tara iko a wuri ɗaya bai tabbatar da tsafta ba. A 2022 Akanta Janar na lokacin kansa aka dakatar, EFCC ta gurfanar da shi kan zargin Naira biliyan 109. Mai cewa ma'aikaci ba shi da amfani kuwa, ya leƙa sashen gaggawa na asibitin koyarwa da ƙarfe biyun dare ya ga wa ke tsaye a kan majinyaci. Irin wannan nas ɗin ce ake bari wata uku ba alawus ɗin aikin dare saboda an shigar da ita a tsarin albashin da ba nata ba.

Hukuncinmu: wajen toshe sunan bogi da isar da kuɗi asusu, tsarin ya ci jarrabawa. Wajen sauraron ƙorafi, ya faɗi. Gyaran bai buƙatar rushe shi. A ba ofishin jiha ikon gyara ƙananan kurakurai kamar harafin suna da lambar asusu, Abuja ta riƙa duba sawun wanda ya taɓa. A ba kowane ƙorafi lamba da wa'adin amsa. A hana tsayar da albashi ba tare da rubutacciyar sanarwa ga mai shi ba.

Wanda ritayarsa ta kusa ya fi kowa buƙatar tashi da wuri. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana tantance ma'aikatan da za su bar aiki tun shekarar da ta gabaci ritayarsu, kuma wanda ya fara aiki kafin ƙarshen Yunin 2004 yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda ake lissafawa da matsayinsa na wancan lokaci. Ya nemo takardar ƙarin girman da yake kai a Yunin 2004, da takardar tarihin aikinsa mai sa hannun ma'aikata, ya tabbatar matakin da ke takardar albashinsa ta ƙarshe shi ne na wasiƙar girmansa ta ƙarshe. Idan akwai ƙarin girman da bai bayyana ba, a bi shi tun sunan mutum na kan takardar biya, domin da zarar na'ura ta cire suna, buƙatar ta koma layin bashin tsofaffin ma'aikata, wanda sai an ware masa kuɗi a kasafi kafin a biya.